Babur maraya: abin da za ka bincika kafin ka sayi na hannu da aka daina kawo irinsa

A duk rumfar dillalan babura a Gombe ba ka rasa wani mashin guda a jingine a gefe, an wanke shi tas, an goge tayoyinsa suna ƙyalli, amma sunan da ke jikin tankinsa ka kwana biyu ba ka gan shi a titi ba. Kana tsayawa a kansa dillali zai taso. "Alhaji, ka iya zaɓe. Wannan ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa." Sai ya faɗi kuɗi, ka ji ko kusa bai kama ƙafar Boxer mai irin shekarunsa ba. Nan take zuciya za ta fara raya maka tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba, ba a yin irinsa. Inda gizo ke saƙar ke nan.

Na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sayi wani irinsu, ya yi min wata biyu lafiya lau, har ina yi wa abokai dariya da suka tara kuɗi suka sayi mai tsada. Ran nan ina hawa daga Jekadafari giya ta biyu ta fara zamewa. Bakanike ya buɗe inji, ya ɗago wani ɗan haƙori da bai kai murfin kwalba girma ba, ya ce, "Oga, wannan za ka nemo." Na zaga shagunan kayan gyara na cikin gari, na ba direba saƙo zuwa Kano, wani mai shago ya yi waya Nnewi, garin nan na kudu da ya shahara da kayan gyaran babura. Shiru. Babur ya yi kusan wata uku a zaure, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin ƙwai, daga ƙarshe na sayar wa masu kwancewa. Duk da haka ba zan ce kada kowa ya sayi irin wannan babur ba, don na san masu hawansu shekara da shekaru ba su taɓa kwana a hanya ba. Su nasu marayan yana da dangi a kasuwa, nawa ba shi da kowa. Aikinka kafin ka zaro ko sisi shi ne ka gane wanne ne a gabanka.

Fara da sanin irin maraicin

"An daina" kala uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai kamfanin da ya rufe ɗungurungum, kamar LML na Indiya da ya yi shekaru yana ƙera babura samfurin Vespa kafin ya durƙushe a 2017. Akwai kamfanin da yake raye amma ya kashe wani suna ko wani samfuri. A Amurka, kamfanin Polaris ya daina ƙera baburansa masu suna Victory a watan Janairun 2017, ya kuma yi alkawarin ci gaba da samar da kayan gyaransa na shekara 10. Hero da Honda ma sun raba gari a Indiya, sunan Hero Honda ya ɓace a 2011, amma kowannensu ya ci gaba da harkarsa, kayan baburan ba su yanke ba. Sai kala ta uku, wadda ita ce ta fi yawa a wajenmu: sunan ba na wani kamfani mai ƙera inji ba ne tun asali. Ɗan kasuwa ne ya je Caina ya yi oda, aka manna masa sunan da ya ga dama a tanki, ya kawo kwantena 'yan kaɗan, kasuwa ta juya masa baya ko canjin dala ya kayar da shi, ya koma wata sana'ar.

Abin mamaki, wannan na ukun sau da yawa shi ya fi sauƙin riƙewa, don injin da ke ƙarƙashin sunan na kowa da kowa ne.

Tsuguna ka karanta inji

Ka bar tanki da kwalliyarsa. Tsuguna ta hagun babur, kusa da inda sandar giya take, ka sa tsumma ka goge jikin inji. Za ka ga an buga wasu haruffa da lambobi. A injinan Caina layin farko ba ado ba ne, yana gaya maka zuriyar injin. Idan ka ga 156FMI, lamba 1 ɗin tana nufin silinda ɗaya, 56 faɗin fistin ne a milimita, F mai shan iska ne ba ruwa ba, M na babur, harafin ƙarshe kuma girman inji: I na 125 ne, J na 150, H na 110, G na 100. Saboda haka 162FMJ injin 150 ne, 1P52FMH kuma kwantaccen injin nan ne na 110 da ke cikin yawancin roba-roba.

Amfanin wannan karatu shi ne, tsayayyun injinan nan akasarinsu jikokin Honda CG125 ne, wanda ya fito tun shekarun 1970, kwantattun kuma jikokin Honda Cub ne. Masana'antu da dama a Caina suna buga su da awo kusan ɗaya. Idan injin babur ɗinka ɗan wannan gida ne, to fistin, ring, fakin, bawul, farantan kuloci da kafireta duk za ka same su da sunan wani babur daban, su kuma zauna daram. Haka tsohon Jincheng mai hayaƙi, wato mai ƙona baƙin mai tare da fetur, yake da Suzuki AX100, jini ɗaya ne, shi ya sa har yau ake ta lallaɓa su.

Sai dai ka kula da abu guda. Injin 125 biyu suna iya ɗaukar lamba kusan iri ɗaya alhali cikinsu ya bambanta: wani sanduna ke ɗaga masa bawul, wani kuma ƙaramar kacar tamin. Kayan saman wannan ba sa shiga wancan. Bakanike yana kallon kan inji zai gaya maka. Kayan Bajaj da na TVS kuwa gidansu daban, kada wani ya ce maka "ai na Boxer yana shiga" ka yarda sai ka ga an gwada da idonka.

Daga nan ka juya kan babur gefe ka duba wuyansa, inda lambar shasi take. Cikakkiyar lamba tana da haruffa da lambobi 17. Ta Caina da L take farawa, ta Japan da J, ta Indiya da M, misali MD2 na Bajaj, MD6 na TVS. Idan dillali yana rantsuwa ɗan Japan ne, lamba kuma ta fara da L, ka san irin zaman da za ku yi da shi a sauran cinikin. Ɗauki hoton lambobin biyu da wayarka, da hoton babur ta kowane gefe.

Je wurin masu kayan gyara kafin ka taya

Wannan matakin ne na tsallake, shi ne kuma ya ci ni. Ka ce wa dillali za ka dawo gobe. Zai ce akwai wanda ya riga ya taya, da yamma zai kawo kuɗi. Ƙyale shi, babur ɗin da ya yi wata a rumfa ba yau zai tashi sama ba.

Ka shiga shago uku aƙalla, ba a jere ɗaya ba. Kada ka tsaya tambayar taya, tib, batir, fulogi, boris ko kaca, waɗannan da lamba ake sayar da su ba da sunan babur ba. Kaca 428 kaca 428 ce ko a jikin wa take, haka taya 2.75-17 ko 3.00-18, haka boris 6301. Tambayi abubuwan da ke kwantar da babur: haƙoran giya, sandar kik da haƙorinta, karanshaf, bulo, kwayil ɗin cikin inji, si-di-ai (ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi), da hob ɗin ƙafar baya. Si-di-ai musamman, don akwai mai cin wuta daga batir, akwai mai ci daga kwayil, bakin soket ɗinsu ma ba ɗaya ba ne, wani huɗu, wani biyar, wani shida. Ka sa wanda ba nasa ba, ko dai babur ya ƙi tashi ko ka ƙona sabon.

Yadda mai shago ya amsa ya fi abin da ya faɗa muhimmanci. Idan bai ko ɗago kai ba ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwali, alhamdu lillahi. Idan ya ce "babu, amma na kaza yana shiga," ka rubuta sunan kazan. Idan ya karɓi wayarka ya daɗe yana kallon hoton, ya kira yaronsa, yaron ya kira maƙwabci, sannan aka ce maka "sai dai a yi oda," to ka ji amsarka. Oda daga Nnewi ko Kano ba laifi ba ce ga abin da ake nema sau ɗaya a shekara biyar, amma mutumin da zai je aiki gobe da safe ba ya jiran mota daga nesa.

Ka kuma tambayi kayan jiki: tanki, murfin gefe, gidan fitila, mita, kujera, robobin gaba. Su ne suka fi saurin ɓacewa idan an daina kawo babur, domin kowane suna da nasa fasalin. Ba sa hana tafiya, gaskiya ne. Amma roba-roba da ta faɗi sau ɗaya robarta ta tarwatse, ba a samun wata, haka za ka yi ta yawo da ita a ɗaure da waya kamar kayan 'yan gwangwan, ranar sayarwa kuma kowa ya taya ta a wulaƙance.

Bakanike naka, ba na dillali ba

Nemi wanda ya taɓa buɗe irin injin, ka biya shi kuɗin ƙafarsa ya raka ka. Wanda dillali zai kira maka daga bayan rumfa yana da nasa kason a cikin la'ada. Ka kuma yi tunanin inda babur zai zauna. Abin da ake samu a cikin Gombe ba lallai a same shi a Nafada ko ƙauyukan Dukku ba. Malamin makarantar da aka tura ƙauye, ko manomin da zai riƙa shiga gona bayan Dadin Kowa, babur ɗin da kowane yaron bakanike a bakin hanya ya san cikinsa shi ne nasa.

Nan ne ma za ka tambayi kanka aikin da za ka sa shi. In acaɓa ce, shawarata ka haƙura. Mai acaɓa yana cinye kaca da birki da kuloci cikin 'yan watanni, kwana ɗaya a ajiye kuma asarar cefane ce, ga balas idan na wani ne. In kuwa daga gida zuwa ofis ne, ko kai yara makaranta a Pantami a dawo, maraya mai dangi zai yi maka shekaru. Idan mai hayaƙi ne, irin wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, ka sa wannan a lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da babur ke sha a mako ya zama magana babba, masu hayaƙin nan kuwa sun fi sha, ga kuɗin baƙin mai a kai a kai.

Ranar dubawa

Ku je da sassafe, ka kuma gaya wa mai shi kada a tayar kafin ku iso. Kana zuwa ka ɗora bayan hannunka a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, kuma ruwa ba ya tsami banza. Inji mai sanyi ba ya iya ɓoye ciwonsa: lafiyayye kik ɗaya zuwa uku ya kama, ya zauna a silo ba tare da an riƙe masa totur ba. Kafin ya kama ɗin ma, ƙafarka za ta gaya maka wani abu. Kik ɗin da ke tafiya sululu babu tauri, fistin da ring sun gaji.

Zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu biyu. Idan ya yi kauri kamar zuma, an zuba mai nauyi ne don a danne ƙarar inji. Idan ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, wataƙila an tsunduma da shi a kwari da damina. Idan kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, ka yi musu sallama. A kwance fulogi a gani: bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa a bushe shi ake so, baƙi mai danshin mai kuwa inji yana shan baƙin mai. Sa bakanike ya murɗa totur kai kuma ka koma bayan salansa. A injin da ba mai hayaƙi ba, shuɗin hayaƙi alamar aiki ne a gaba.

Buɗe gidan matatar iska. Da yawa ana cire soson a jefar wai don babur ya ƙara gudu, ƙurar hunturun Gombe kuwa ta shiga inji kai tsaye ta yi ta cin bulo kamar sanfefa. Leƙa cikin tanki da tocilan ka ga ko akwai tsatsa, ka tuna tankin nan ba ka da inda za ka samo wani. Ɗaga kujera ka kalli wayoyi. In ka ga ƙulli-ƙullin salatif ko'ina, rewaya da yawa sun sha wucewa ta nan, kuma babu wanda zai iya gaya maka wace waya ce ta asali.

Sai shasi, wanda shi ne ba ya gyaruwa. Duba wuya, ƙarƙashin tanki, da inda shokazoba ke kamawa. Sabon fenti a wuri ɗaya, ko ƙullutun walda, yana nufin ya taɓa karyewa, ko a haɗari ko a lodin buhuna. Ɗora shi a kan jaki biyu, ka kama ƙafar baya ka girgiza hagu da dama, kada ta yi wasa. Koma baya ka tsuguna ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya.

Yanzu ka hau. Zagayen rumfa ba gwaji ba ne. Ɗauki bakaniken a baya ku nemi hawa, Gombe kuwa a kwari take, ba a rasa hawa. Shiga kowace giya ka ja ta sosai. Giyar da ke fita da kanta, wadda ta kwantar da nawa ke nan, ba ƙaramin aiki ba ce a babur maraya. Idan inji yana ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne, wannan mai sauƙi ne in dai ka tabbatar ana samun farantansa. A shimfiɗaɗɗen titi sassauta riƙon kai kaɗan ka ji ko yana ja gefe guda. Da kun dawo ku bar shi a tsaye minti biyar, sannan ka leƙa ƙasa ko ya ɗiga.

Bayan duk wannan, ka ja mai babur ɗin gefe, shi kansa ba dillali ba, ka ce, "Malam, tsakaninka da Allah, mene ne aibinsa, kuma me ya sa za ka sayar?" Mutanenmu da yawa idan aka haɗa su da Allah suna faɗa, don sun san ɓoye aibin kaya haramun ne. Wanda ya hau kame-kame ma ya ba ka amsa.

Takardu

Babur maraya ba shi da wani dila da za ka je ya duba maka littafi ya tabbatar da asalinsa, saboda haka takardar hannun mai shi ita ce kaɗai madogara. Rasit na asali, takardun rajistar lamba in yana da ita, da takardar cinikin duk hannun da ya bi. Ka riƙe takarda a hannu, bakanike yana karanto lambar inji da ta shasi daga jikin ƙarfe, harafi bayan harafi. Lambar da aka goge, ko aka sake bugawa ta karkace, ko labarin "takardun sun ƙone" da "na ƙanena ne ya yi tafiya," duk ka bar su a inda ka gan su. Satar babura ba baƙon abu ba ce, kuma ranar da aka kama na sata a hannunka, araha ba za ta je ofishin 'yan sanda ta yi belinka ba. Idan an taɓa canza inji, a nuna maka rasit ɗin sabon injin.

Lissafi da ciniki

Kada ka auna kuɗinsa da na sabo. Auna shi da na hannu mai irin shekarunsa daga cikin waɗanda suka cika titi. A ce, don misali kawai, wancan ana sayar da shi naira 600,000, wannan kuma an ce 450,000. Ka ga kamar ka tsira da 150,000. To cire abin da bakanike ya lissafa za a canza yanzu, taya ce, kaca da siroket ne, batir ne. Cire kuɗin kayan da za ka saya ka ajiye saboda gobe. Sannan ka tuna ranar da kai ma za ka sayar. Boxer ko a tsakar dare ka kai shi rumfa za a ƙirga maka kuɗi, shi ya sa mutane ke ɗaukarsa kamar asusu, in haihuwa ta zo ko asibiti ko taki. Maraya kuwa sai ya jira wani mai irin zuciyarka, kuma zai taya ƙasa da yadda ka saya. Idan ka cire duk wannan ragowar ba ta taka kara ta karya ba, ka ƙara haƙuri ka cika kuɗi ka sayi wanda kowa ya sani. Ni a wurina, in rangwamen bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ban ga abin da zai sa in ɗauki wahalar ba.

Wurin tayi, abin da ka jiyo a shaguna shi ne makaminka. Ba sai ka kushe kayan mutum ba. Ka ce, "Na zaga shago uku, babu haƙorin kik ɗinsa, babu murfin gefe, ga abin da zan iya." Za a ce albarka. Ka ba da lambar wayarka ka tafi. A yi maganar la'ada tun kafin a sallama, a san wanda zai biya da nawa, don kada a ƙare ciniki a koma rigima.

In an sallama, a rubuta takarda: sunan mai sayarwa da naka, lambar inji, lambar shasi, launi, kuɗi, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarensa, ɗaya naka. Karɓi kwafin katin shaidarsa, ku ɗauki hoto tare a gaban babur ɗin. In da hali ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, ba na dillali ba. Daga nan ka wuce ofishin lasin na hukumar tattara haraji ta jiha a mai da takardu sunanka, kada ka bari sai jami'an hanya sun tare ka.

A makon farko ka zubar da baƙin man da ka tarar komai kyansa, a wanke kafireta, a sa sabon soson iska da sabon fulogi. Ka samu ɗan littafi ka rubuta lambar injin da sunan duk babur ɗin da aka ce kayansa suna shiga naka, ka ajiye a ƙarƙashin kujera, saboda ranar da za ka lalace a hanyar Billiri a hannun bakaniken da bai taɓa ganin irinsa ba. Si-di-ai da kwayil da wayar kuloci, ka sayi na ajiya tun suna kan kanta. Idan kuma ka ji labarin wani irin naka da ya mutu a zauren wani, je ka taya gawar tun kafin 'yan gwangwan su riga ka, ka kwance giya da tanki da hob ka zuba a buhu ka rataye a ɗaki.